Ruwan da Kaka Ta Ce Za Ta Kai

Mutane in sun ji an ce Sahara, zafi ne yake zuwa musu a rai. Wanda ya yi ƙuruciya a Tamanrasset kuwa sanyi yake tunawa. Da rana ta faɗa bayan duwatsu, iska take gangarowa daga wajen dutsen Assekrem, ta bi kwarin da ya ratsa gari, ta shigo unguwarmu ta kan katanga da ƙarƙashin ƙofa ba sallama. Gidanmu ɗaki biyu ne na bulo da ba a shafe ba, sai tsakar gida wadda in ka shimfiɗa tabarma biyu ta cika. A bakin ɗakinta Kaka take ajiye kaskon wuta bayan sallar isha'i, ni da ƙanwata Nana mu tsuguna kusa, ta yafa mana bargo ɗaya. Gabanka ya gasu, bayanka ya daskare, hayaƙin gawayi ya sa ka hawaye. Ni ba na cikin masu cewa da ya fi yanzu, don na san yunwar da. Amma wannan zaman bakin kasko, har yau ban sami abin da ya maye mini gurbinsa ba.

Kaka uwar babanmu ce, 'yar wani ƙauye kusa da Damagaram. Bayan rasuwar kakanmu Baba ya je ya ɗauko ta, ta zo a bayan kamyo, wato babbar motar kaya, zaune kan buhuna. Ta zauna a Aljeriya har ta koma ga Allah ba ta yarda ta koyi Larabci ba, in ban da tambayar kuɗin albasa da wani zagi guda da take yi wa awakin maƙwabta. Sunan uwarta aka sa mini, saboda haka Uwale take kirana. Baba kuwa ɗanta ne na fari, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "wancan". In ya dawo daga tafiya ya durƙusa yana gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Duk da haka ita take riga kowa jin ƙarar motarsu tun daga bakin unguwa, ta ce wa Inna, uwarmu, ta ƙara hannu a tukunya, ba tare da ta faɗi dalili ba.

Baba makaniki ne, yana bin wata babbar mota da ke ɗaukar taliya da madarar gari da dabino zuwa Arlit, can cikin Nijar. A shekarun nan kwalta ba ta kai iyaka ba, kuma direbobi sukan saki hanyar da kowa ya sani su yanki daji don su kauce wa dowan, wato 'yan kwastan. In sun tafi, sati biyu ko uku sai ga su, ƙura har cikin kunne. A shekarar da nake ba da labari, ina da wajen shekara goma, Nana ba ta shiga lekkol, wato makarantar boko, ba tukuna. Baba ya tafi a farkon sanyi, wata ya mutu, wani ya tsaya, babu shi babu labarinsa.

Sai na ɗan koma baya, don a gane yadda Kaka ta zama mai kallon tele, wato talabijin.

Maƙwabcinmu Baba Gali Buzu ne, jagoran hanya. Da can shi yake kai Turawa yawon duwatsu, da abin da ya samu ya sayi tele. Daga baya Turawa suka ɗauke ƙafa, aiki ya tafi, tele ta zauna. Kullum bayan la'asar ana nuna wasan yara, irin mutanen nan na zane masu motsi, waɗanda aka yi a Japan aka sa musu muryar Larabcin littafi. Mu 'yan zane muke ce musu. Da an fara kiɗan buɗewa za ka ga yaran unguwa suna gudu zuwa ɗakin Takna, matar Baba Gali, wani da takalmi ɗaya, wani da tuwo a hannu. Mu ma mun je kwana kaɗan, kafin Kaka ta biyo mu ta leƙa.

Ta daɗe tsaye a bakin ƙofa tana kallo. Sannan ta tambayi Takna ko abin nan ya faru da gaske. Takna ta ce a'a, ƙirƙira ce. Ta ce agwagwar can magana take yi? Aka ce mata e. Sai ta ce to ai wannan tatsuniya ce, kuma ga rana a sama. Ta kama hannunmu ta ja mu gida. Kowa a garinsu ya san wanda ya yi tatsuniya da rana, ko ya zauna ya saurara, ɓata yake yi. Ta ce a gida in yaro ya ɓata, cikin gonar gero zai ɓata, kafin magariba wani ya tsinto shi. Nan kuwa da ka fita bayan gari sai dutse da rairayi da Allah. Muka yi kuka har muryarmu ta dushe. Baba yana gida a lokacin, yana wanke wani ƙarfe da kananzir, ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa, yaran duniya duka suna kallon abin nan, ba su ɓata ba." Ta gaya wa bango cewa yaran duniya ba jikokinta ba ne.

Kukan Nana ne ya kawo sulhu, don Nana in ta fara ba ta san gajiya ba. Kaka ta ce to, ita za ta riƙa zuwa ta kalla, ta riƙe a cikinta har dare, sannan ta ba mu a lokacin da ya halatta. Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Inna ta ce, "Iya, ke fa ba kya tsoron ɓatan?" Kaka ta ce, "Ni tun ran da na hau motar nan na ɓata. Mi ya saura?"

Haka aka yi. Da ta idar da la'asar sai ta ɗauki 'yar kujerarta da carbinta, ta je ta zauna a tsakiyar yara, ta ƙura wa akwatin ido kamar mai sauraren wa'azi. Ko kalma ɗaya ba ta ji, saboda haka ita ta raɗa musu suna. Akwai wani yaro gajere mai gashi a tsaye, shi ne Ɗan-Tukku. Akwai abokinsa, ƙato mai tumbi, da tukunya ɗaure a bayansa duk inda za shi, shi ne Na-Tukunya. Na ukunsu agwagwa ce mai tabarau, ta sa masa Malam Agwagwa, wai duk wanda ya sa gilashi, ya cika magana, kuma ba ya ɗaukar kaya, malami ne. Suna yawo ƙasa-ƙasa suna neman ƙararrawar garinsu da wani sarkin ɓarayi ya sace. Ta ce mutanen ƙasar can Allah Ya ba su ido Ya hana su hanci. A lekkol ƙawayena sukan gaya mini yadda labarin yake na ainihi, na san Kaka tana karkata shi yadda ta ga dama, tana aurar da waɗanda ba su ko san juna ba. Ban taɓa gyara mata ba, don nata ya fi daɗi.

Ko buɗewarta daban ce. Sai ta tona wuta da tsinke ta ce, "Ga ta nan, ta rana ce, na ɓoye ta har dare." Mu ce ta sako ta mu gani. In ta kai ƙarshe ta kakkaɓe hannu ta ce iyakar abin da idonta ya ɗauko ke nan, in akwai ƙarya a ciki ta mai akwati ce, kuma da ma duk ƙarya ce. Ba ta taɓa tashi ba sai ta faɗi wannan. Ta ce tatsuniya ƙofa ce, in ka buɗe sai ka rufe.

Da tafiyar Baba ta yi tsawo, gidan ya sake. Inna tana suyar ƙosai da safe a bakin hanya, inda samarin Nijar masu aikin gini suke taruwa jiran wanda zai ɗauke su. Da ta kwashe kasko sai ta wuce tasha. Yau a ce mata ƙila dowan ne suka riƙe motar, gobe a ce ƙila sun sami lodi sun zarce Agadas. Duk direban da ya iso daga kudu sai ta tare shi, kowa ya ce bai gamu da su ba. A ƙarshe mai motar ya ba Baba Gali ƙaramar mota mai shiga rairayi da gangunan mai, ya ce ya bi sawu. Kaka ba ta taɓa tambayar Inna me aka ce a tasha ba. Sai dai in Inna ta shigo ta dubi fuskarta sau ɗaya, ta ci gaba da jan carbi. Kuma ba ta fasa zuwa kallo ba, ba ta fasa ba mu labari ba, ko dare ɗaya.

Ranar da nake son faɗa, Baba Gali yana can cikin daji bai dawo ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da ɗakin Takna, kuma ran nan dariyar yara ta fi ta kullum. Muna jin su suna ƙyaƙyatawa, wani yana buga ƙafa a ƙasa, wani yana tari. Nana ta manna kunne a bango tana tsalle, ta ƙagu dare ya yi. Da aka gama Kaka ta shigo, ta jingine kujerarta, ba ta dubi kowa ba. Sallarta ta magariba ta yi tsawo. Bayan isha'i ta zauna bakin kasko ta ce yau babu komai, mutanen barci suka yi ta yi. Nana ta ce ƙarya ne, ai ta ji dariya. Ta buɗe baki ta fara kuka. Inna tana gefe tana tsince waken gobe a faifai, gajiya ta ishe ta, ta ce, "Iya, don Allah ki ba ta, ko na samu kunnena." Inna ba ta san abin da take roƙo ba.

Kaka ta daɗe tana tona wuta, sannan ta buɗe.

Ta ce su ukun nan suka iso bakin hamada. Wani tsoho ya ba su salka ɗaya ta ruwa, ya ja musu kunne su yi tattali. Suka yi ta tafiya har rana ta take, suka sami gindin dutse suka kwanta. Ɗan-Tukku ya yi barci, Malam Agwagwa ya yi barci da tabarau a fuska. Na-Tukunya kuwa cikinsa ya fara kiran ciroma. Ya duba hagu, ya duba dama, ya sauke tukunya, ya juye salkar nan kaf ya dafa taliya. Ya cinye, ya shanye romo, ya lashe murfi. Da abokansa suka farka Malam Agwagwa ya bi shi da sara, yana yi masa wa'azi yana tsattsage shi, suka kewaye dutsen har suka gaji. To, ba ruwa, ga hanya. Suka ci gaba. Harshensu ya zazzago har ƙasa, Ɗan-Tukku ya taka nasa ya kifa.

A nan muryar Kaka ta warware, ta shiga labarin da jikinta duka. Ta tsotse kumatunta ta nuna mana yadda Na-Tukunya ya fara motsewa. Tumbin nan da ake taƙama da shi ya shanye, wuya ya zama tsinke, ƙato ya bushe ƙayau ya koma shafal, ido biyu kawai suke ƙiftawa. Sauran ma haka. Sai iska ta taso ta kwashe su, kowa ta yi nata wuri da shi. Na-Tukunya ta kai shi wani zango, ya yi ta lilo a sama, ya sauka a ƙofar bukkar wata tsohuwa. Kaka ta ƙanƙance murya ta ce, "Ikon Allah, yau an aiko mini tabarma daga sama, har da idanu." Tsohuwar ta ɗaga shi ta kakkaɓe, ta rataya shi ta jibga da sanda don ƙura ta fita, ta shimfiɗa shi a inuwa, ta zauna daram a kan cikinsa ta ɗora shayi. Shi kuwa sai juya ido yake, ba bakin magana. Tana cikin tsiyaya sai ɗigo ɗaya ya kuskure kofi ya faɗa masa a goshi. Nan take ya kumbura suntum, ya dawo yadda yake har da ƙari. Tsohuwa ta yi sama da kofi a hannu, ta sauka a kan bishiyar dabino, kuma ko ɗigo ba ta zubar ba. Daga nan ya shiga neman 'yan'uwansa. Ya sami Ɗan-Tukku wata mata ta shanya shi a igiya cikin tsummoki. Malam Agwagwa kuwa wani mai tsire ya mai da shi mafici yana hura wuta da shi. Kowa aka ɗiga masa ɗigo ɗaya ya tashi, Malam ya ci gaba da wa'azinsa daga inda ya tsaya.

Tun wajen da aka juye salka Inna ta daina tsintar wake. Da aka kai ga bushewa ta ajiye faifan ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Na gan ta, na kuma san dalili, don shekara goma a gidan ɗan hanya ba ƙuruciya ba ce. Amma na yi dariya, dariya sosai, don Kaka ba ta taɓa ba da labari da daɗi kamar na ran nan ba. Nana kuwa ta faɗi a cinyata tana shaƙuwa. Kaka ma tana dariya, hawaye yana bin kumatunta, ta ce hayaƙi ne.

Da Nana ta sami numfashi ta ce, "Kaka, ko mutum ya daɗe da bushewa?"

Kaka tana kallon garwashi ta ce, "Ko ya shekara. Ɗigo ɗaya ne."

Na jira ta kakkaɓe hannu ta ce da ma duk ƙarya ce. Ba ta ce ba. Ta rufe wutar da toka ta ce mu tashi mu kwanta.

Ba a yi kwanaki da yawa ba Baba Gali ya dawo. Da hantsi ne. Bai shiga gidansa ba, ya zo ƙofarmu shi da mai motar da limamin unguwa, ya ja rawaninsa har ƙarƙashin ido. Wanda ya ga mutum uku irin waɗannan a ƙofarsa ba ya bukatar a yi masa bayani, amma an yi. Aka shimfiɗa musu tabarma a waje, Inna da Kaka suna daga bakin ƙofa ta ciki. Baba Gali ya yi magana a hankali da Hausarsa ta Agadas. Ya ce sun sami motar can yamma da hanya, nesa da inda ake bi. Wani ƙarfe ne ya karye a ƙarƙashinta. Baba ya kwance wurin, ya jera ƙarafan a kan buhu ɗaya bayan ɗaya, ana gani an san ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Sun shanye gangunansu, sun sha har ruwan injin. Su huɗu aka same su kwance a inuwar motar. Ya ce rana da iska sun riga sun busar da su, ba yadda za a ɗauko su, sai suka yi musu sallah suka rufe su a can, suka jera duwatsu.

Inna ta zube. Mata suka fara shigowa, gida ya cika da salati da kuka. Kaka ta ce Inna lillahi, ta miƙe ta shiga fito da tabarmi, tana nuna wa mutane wurin zama, kamar rasuwar maƙwabci aka yi. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban jama'a. Ina tsaye jikin bango na rasa inda zan sa kaina, ba wanda ya lura Nana ba ta wurin.

Sai ga ta ta fito daga bayan ɗaki, inda muke ajiye jarkokin ruwa. Ta cika butar alwalar Kaka fal, ta rungumo ta da hannu biyu, ruwa yana zuba a rigarta cikin sanyin nan. Ta ratsa mata, ta fita waje, ta ratsa maza, ta tsaya a gaban Baba Gali.

Ta ce, "Baba Gali, tashi ka kai ni."

Ya ce, "Ina, ɗiyata?"

"Wurin Baba. Ai ɗigo ɗaya ne."

Bai gane ba. Ya dubi liman, liman ya dubi mai mota. Takna ta gane, don a ɗakinta aka yi kallon, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ma na gane, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Nana ba kuka take ba, fuskarta a sake, har da ɗan haushi irin na wanda ya ga manya sun zauna suna ɓata lokaci a kan abu mai sauƙi. Kaka ta fito waje, ita da ba ta shiga taron maza. Ta sunkuya ta karɓi butar. Ta ce, "Wurin da nisa, yara ba su zuwa. Kawo, ni zan kai mishi."

Daga ran nan kowace safiya, kafin Nana ta wanke ido, sai ta je bakin ɗakin Kaka ta ce ko ta kai. Kaka ta ce ba a samu mota ba. Wata rana ta ce iska ta rufe hanya, wata rana ta ce ƙafarta ke ciwo, sai gobe. Inna ta so ta zaunar da yarinyar ta gaya mata gaskiya, ta fara, ta kasa. Ni ma ban iya ba. Aka yi sadakar uku, aka yi ta arba'in, Nana tana tambaya. Ban san ranar da ta daina ba, kuma wannan yana damuna har yanzu. Wata safiya ce kawai na lura an kwana biyu ban ji ba.

Kaka ba ta sake taka ɗakin Takna ba, ba ta sake buɗe tatsuniya ba, ta akwati ko ta gida. Ana hura kasko, mu zauna, a ji ɗumi, a tashi. Sau ɗaya na ji ta yi maganar, ita da Takna, suna tsammanin ba na kusa. Ta ce, "Na ce in ɓatan zai zo ya zo kaina. Ashe ba ya son tsohuwa, abin da ta haihwa ya bi." Takna ta ce ta bar faɗin haka, ƙarfe ne ya karye, kwana ne ya ƙare. Liman ma da maganar ta kai kunnensa ya zo ya yi mata nasiha, ya ce camfi ne. Ba ta yi musu ba, kuma ba ta yarda ba. Mu kuwa ta sake mu. Ranar da kiɗan 'yan zane ya tashi ta ga Nana tana kallon katanga, sai ta ce, "Ku tahi ku kalla. Abin da zai ɓata ya ɓata." Na je sau biyu ko uku. Na ga Ɗan-Tukku da idona, yana ta ihu da Larabci, ban ji komai ba. Har yau ban san ko sun sami ƙararrawar ba.

Ba mu koma Nijar ba. Dangin Inna sun aiko mu taho, ta ce hanyar gida ita ce hanyar da ta ci mijinta, ba za ta ɗora 'ya'yanta a kai ba. Na bar lekkol na kama mata suya. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo. Mu duwatsu ne suka kewaye mu ta ko'ina, mun yi haƙurin, romon ne ban gani ba. Kabarin Baba ba wanda ya taɓa zuwa. Baba Gali ya ce ko shi in ya koma ba lalle ya gane wurin ba, don rairayi ba ya zama wuri ɗaya.

Na daɗe ina jin haushin Kaka. Me ya sa ta ba da labarin nan, bayan ta san abin da ke cikinsa, ta san abin da ke ran kowa a gidan? Da ta ƙirƙiro wani, ita da ta iya. Me ya sa ta ce wa yarinya ƙarama ko ya shekara? Mutanen da suka zana abin ban taɓa ganin laifinsu ba. A can ƙasarsu, na ji an ce, ruwa ne ya kewaye su, ƙishirwa a wurinsu abin dariya ce da ake zana wa yara. Ba su san akwai wani gida a bakin hamada da za a kai wannan dariyar ba. Amma Kaka ta sani.

Sai da na yi aure na haifi ɗana na fari, na ji bakina ya yi nauyi a kan sunansa ba wanda ya sa ni, sannan na fara fahimta. Inna tana da tasha, tana da kuka, tana da damar tare direbobi ta ce kun ga mijina. Kaka ba ta da ko ɗaya. Ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar labarinsa, ko addu'a sai a zuci. Sai ga shi ran nan ta zauna cikin yara ta ga abin da take tsoro ƙuru-ƙuru a gabanta, ta ga mutum ya bushe a hamada, sannan ta ga ya tashi. A daren nan kaɗai ta sami hanyar da za ta faɗa da bakinta, da ƙarfi, a tsakar gidan ɗanta, cewa wanda ya bushe yana tashi. Ba mu take ba labari ba. Shi ya sa ta kasa cewa ƙarya ce. Tatsuniyoyinta na da kowace da darasinta, kar ka yi kwaɗayi, kar ka raina tsoho. Wannan na juya ta na juya, ban sami darasin da zai amfane ni ba. Abin da na sani kawai shi ne hanyar tana nan, an zuba mata kwalta, kuma har yanzu tana cin 'ya'yan mutane, iyayensu mata suna zaune a wani ƙauye suna jiran ƙarar mota.

Kaka ba ta kai ga ganin ɗan nawa ba. Ta kwanta ciwo Nana tana wajen shekara goma sha biyu, ta yi wayo, ta san komai, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ita take jinyarta, don ni da Inna muna bakin kasko. A kwanakin ƙarshe Kaka ta daina cin abinci, ta daina magana, sai Nana ta riƙa jiƙa mata leɓe da cokali. Ran da za ta tafi na dawo da wuri, na same su su biyu, rana ta shigo ɗakin ta ƙofa. Kaka ta buɗe ido ta ce wa Nana ta cika mata buta. Muka ɗauka alwala take so. Nana ta cika ta kawo, ta ajiye kusa da shimfiɗa, tana shirin ɗaga ta. Kaka ta girgiza kai, ta lalubo butar ta ɗora hannu a kai.

Ta ce, "Nana, yau an samu mota."

Nana ta dube ni, ta dubi butar. Sannan ta gyara wa Kaka mayafi ta ce, "To, Kaka. Ki riƙe da kyau, kar ya zube."